Rigar Harsashi

Ni ne ɗan farin mahaifina, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai aike ni, sai ya juya wajen ƙanwarsa, wato Gwaggo wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata, ya ce, "Ki ce wa wancan ya ɗebo ruwa," alhali wancan ɗin yana tsugune a gabansa, da zai miƙe ƙafa ma sai ta taɓa ni. Da na gama makaranta na sami aikin buga tafireta a ofishin gwamnati, sai aka yi mini ƙarin girma, na tashi daga "wancan" na koma "akawu". Ni kuma nawa rabon kunyar shi ne in durƙusa daga nesa, in sunkuyar da kai, in gaishe shi ina kallon ƙafafunsa. Na san ƙafafun nan sarai, har fason da ke dugadugansa na sani. Fuskarsa kuwa sai dai daga gefe, daga nesa, a inuwar malafa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka ake yi da ɗan fari, kuma ni kaina a lokacin alfahari nake da irin tarbiyyar gidanmu.

Baba maharbi ne. Ya zo Kaduna tun tana daji, yana bin wani Bature mai awon ƙasa, yana harbo wa leburori nama, yana kuma kashe kadojin da ke tare mata a mashaya. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa bindigarsa da takardar izini, da wani akwatin katako mai kayan haɗa harsashi. Doguwa ce, mai nauyin tsiya, harsashi ɗaya take ci, bakinta kuwa ƙaramin yatsana yana shiga har ya yi wasa. Harsashinta ba irin na soja ba ne: kwanson tagulla ne, da darma a kai, darmar kuma an naɗe ta da farar takarda kamar an yi mata riga.

A shekarun da nake ba da labari, tsakiyar shekarun hamsin, ana ta maganar mulkin kai, bindigar nan ta daɗe ba ta kashe ko zomo ba. Gari ya ci daji, mu ma a Unguwar Dosa kura ta daina zuwa mana. Amma duk safiyar Juma'a Baba zai shimfiɗa buzu a zaure, ya ɗauko ta, ya shafe ta da mai tun daga baki har ƙota, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na sha yin kishi da ita, ba na ɓoyewa. Ita tana samun hira, ni ina samun "ki ce wa akawu".

Ni nake kai takardar izinin a sabunta kowace shekara. A wannan shekara sai na tarar da sabon Bature a teburin. Ya dubi takardar, ya lissafa shekarun Baba da yatsa, ya ce tsoho irin wannan da bindiga irin wannan a cikin gari, shi ba zai sa hannu ba sai ya gani da idonsa. A kawo shi filin harbi na bayan bariki ƙarshen watan gobe. In ya sami allo, shi ke nan. In bai samu ba, a miƙa bindiga, a yanka ta da zarto. Ba mugu ba ne, ban taɓa cewa mugu ba ne, ya ma yi maganar a hankali.

Na je na durƙusa na faɗa wa Gwaggo a gaban Baba. Sa'an nan ya ce, "Ki ce wa akawu, ranar da bindigar nan ta bar gidan nan, ya biya ta wajen masu haƙa kabari kafin ya dawo."

Baba ba ya magana biyu, kuma ba ya zolaya da mutuwa. Tun daga ranar na san ba ƙarfe da katako nake ƙoƙarin ceta ba.

Ranar Lahadi ya ɗauki sauran tsofaffin harsasansa, ya kira maƙerin unguwarmu, wanda ɗan amininsa ne, suka nufi daji ta hanyar Zariya, wajen Rigachikun. Suka jingina wani tsohon ƙyauren katako a jikin suri, maƙeri ya zana baƙin da'ira da gawayi. Ni ba a bar ni na matsa ba. Mai harbin allo kwanciya yake rubda ciki, Baba kuwa ba zai kwanta a ƙasa gaban ɗan farinsa ba ko da sama za ta haɗu da ƙasa. Na tsaya a bakin hanya riƙe da keke, ina jin ƙarar tana tashi tana korar tsuntsaye. Da suka fito, ƙyaure yana kan maƙeri lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Ki ce wa akawu harsashin ya tsufa," in ji Baba da muka koma gida.

Na duba, na ga gaskiya ce. Darmar ta yi fari-fari, takardar ta yi rawaya tana marmashewa a hannu. Na zaga kantunan Turawa da na Larabawan nan Kwarori, aka yi mini dariya, wai irin wannan harsashi an daina kawo shi tun kafin yaƙin duniya. Sai akwatin katako ya rage. A ciki akwai kwansuna, da ƙarfen zubi mai kama da awartaki, tsatsa ta cinye shi, da ɗan gwangwanin hulunan tagulla waɗanda ake sa wa a gindin kwanso su tayar da albarushi. Hulunan nan su ne ba su da madadi. Albarushi ana samu da izini, darma ana samu, amma duk harbi ɗaya hula ɗaya ce ta tafi, kuma gwangwanin bai kai rabi ba.

Haka na zama mai zubin harsashi, ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba. Ina tashi daga ofis, in yi sallar la'asar, in wuce gidan Baba. Ina aiki a zaure, shi yana zaune bayan zana, Gwaggo a tsakani tana tsinken alayyafo. Karatun ma abin dariya ne da ba don halin da ake ciki ba.

"Ki ce masa darma tsirara tana shafe zanen da ke cikin bututun bindiga. Rigar ce ke kama zanen, ta murɗa harsashi, in ya fita baki ta tuɓe ta faɗi."

"To, ka dai ji," in ji Gwaggo.

"Ki ce masa zagaye biyu cif, kada baki ya hau baki."

"Wane baki kuma, Yaya? Ni fa kun sa ni a tsakiya kamar tafinta, ba a biyana ko goro."

Maƙeri ya sassaƙa mini sabon ƙarfen zubi da tagulla, ya kwaikwayi tsohon. Zubin farko na yi shi da darmar batirin mota, don na ga ita ce mai ƙyalli, na ɗauka abin da ya fi ƙyalli ya fi kyau. In ka yar da harsashin a dutse ƙara yake kamar kwabo. Baba ya sa aka miƙa masa ɗaya, ya danna farce, ya ce ya yi tauri, ba zai buɗe ya cika bututu ba in albarushi ya buge shi. Na koma na nemo guntayen tsohon bututun ruwa, darma mai laushi wadda farce ke shiga, na ɗiga mata darmar lika kwano kaɗan don zubin ya cika. Na narka a kaskon suyar matata, abin da ba ta yafe mini ba har ta koma ga Allah. Wata rana gumina ya ɗiga a cikin narkakkiyar darma, ta yi tsalle ta same ni a bayan hannu. Tabon yana nan, jikokina suna tambaya.

Takarda kuwa ita ta kusa haukata ni. Ta jarida tana yagewa da an jiƙa ta. Ta buhun siminti ta yi kauri, harsashi ya ƙi shiga. Shuɗiyar nan ta ƙunshin sukari ta yi santsi, ba ta kamawa. Akwai wata tsohuwar takarda mai ƙwari a gafakar kakanmu, wadda na tabbata za ta yi, amma da rubutun Larabci a jikinta, ko tunanin ban ƙarasa ba na yi istigfari. Daga ƙarshe na koma kan abin da na sani, siririyar takardar nan da muke sa wa bayan kabon in muna buga kwafi. Na sayo ƙunshi guda a kantin littattafai. Ana yanka ta a karkace, a lashe ta da yawu har ta yi laushi, a ɗora harsashi a mirgina a kan allo, a murɗe wutsiyar a gindi. In ta bushe sai ta tsuke, ta kama darma kamar fata. Sa'an nan a shafa kakin zuma da aka narka da kitsen rago. Na lashi takarda har harshena ya yi kanta, abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Lahadi ta zo, na tsaya a bakin hanya da kekena. Ƙyaure ya dawo da huda ɗaya can a kusurwar ƙasa.

"Ki ce wa akawu da saura."

Na koma. Na ce ƙila harsashin ya yi tsawo, yana tuntsurawa a iska, maƙeri ya rage ramin zubi. Na ce ƙila hancin ya yi tsini, aka rage masa tsinin. Na ce a yi wa gindin ɗan rami, wutsiyar takarda ta sami wurin kwanciya. Na ari ma'aunin wani maƙerin zinariya ina auna su ɗaya-ɗaya, wanda ya yi sauƙi in san da iska a cikinsa, in mayar kasko. Na gano takarda ma tana da tsayi da kwance kamar yadi, in ka yanka ta wannan gefe ta miƙe, in ka yanka ta wancan ta tsage. Duk abin da na gyara, Lahadi sai ta mayar da ni baya. Wata rana huda ɗaya, wata rana babu. Gwangwanin huluna kuwa ya fara ƙara in an girgiza shi, irin ƙarar abin da ya kusa ƙarewa.

Na rame, wuyan rigata ya yi mini yawa. A ofis ina buga wasiƙa sai in ga na tsallake layi, babban akawu ya kira ni ya ce in ina shan wani abu ne in faɗa masa. A salla ma, Allah Ya yafe mini, sai in tsinci kaina ina lissafin faɗin takarda. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum zama. Ina ganin ranar tana matsowa, ina ganin Baba ya daina cin tuwon dare, ni kuma duk iliminmu na boko na kasa naɗe ɗan guntun darma.

Da abin ya ishe ni sai na huce a kan maƙeri. Na ce masa ramin zubinsa a karkace yake, shi ya sa muke ta asara. Ya ajiye guduma ya dube ni.

"Akawu, ni ƙarfe na sani. Ƙarfena kuwa lafiyarsa lau. Abin da ya wuce ƙarfe, ka tambayi na gida."

"Kai dai ka ce ba ka iya ba, a nemi wani."

"Allah Ya ba ka haƙuri," in ji shi, ya ci gaba da zuga.

Na tafi ina huci, ina cewa a raina ga mutum ya ɓata aiki yana yi mini karin magana. Bayan kwana biyu shi da kansa ya zo ya ce mu roƙi Baba aron bindigar, mu gwada ta ba hannun kowa. Gwaggo ta sha fama kafin ya yarda. Muka ɗaure ta tamau a jikin wani kututture, muka tokare da buhunan yashi, maƙeri ya daidaita ta da allo, na ja kunamar bindigar da zare. Sau uku muka harba. Da muka isa wajen ƙyauren, na cire hulata na kifa, ta rufe hudojin duka. A gaban bakin bindiga kuwa ga gutsattsarin farar takarda a warwatse kan ciyawa, rigar ta tuɓe yadda ake so. Na yi ta tsalle a daji kamar yaro, na rungume maƙeri na ba shi haƙuri. Shi bai yi murna ba, ya dai ce, "To, ka gani." Na ɗauka fushin ne bai sake shi ba.

Lahadin da ta biyo Baba ya gwada, da harsasai daga wannan zubin, ba a canza komai ba. Ƙyaure ya dawo babu sabuwar huda ko ɗaya.

Yanzu mai karatu zai ce, wannan akawu wane irin dolo ne? Ni ma na sha tambayar kaina. Amma wanda ke cikin rami ba ya ganin abin da na bakin rami ke gani. A tsakanin gwajin nan biyu an yi ruwan farko, sai na ce ai shi ke nan, danshi ne ya kwance takarda. Na zuba harsasan a gwangwani da ɗanyar shinkafa, na ajiye kusa da murhu. Da an ce mini aljani ne ke kaɗe su a hanya, da na yarda, in nemi malami. Abu ɗaya ne ba zai taɓa shiga kaina ba, wato a ce mutumin da yake harbin kada a ido daga wannan gaɓa zuwa waccan shi ne ke kuskuren ƙyaure guda.

Huluna suka rage daidai na ranar gwaji, ba halin sake harbi. Na je na roƙi a ƙara mana wata ɗaya, aka ce Bature ya riga ya sa rana. Gwaggo ta soya waina ta raba sadaka. Ana gobe za a je, da yamma ina zaune a zaure ina goge kwansuna, ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta daɗe tana kallon hannuna mai tabo.

"Ɗan nan, ka bar azabtar da kanka haka. Akwai abin da ya kamata a ce tun tuni…"

Baba ya yi gyaran murya daga bayan zana. Ta haɗiye maganarta, ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.

Da safe muka tafi. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya rataya bindiga, maƙeri yana gaba shi yana biye da shi dab da dab, ni ina can baya yadda ya kamata. Na lura sun daɗe suna tafiya haka, ko masallaci za su, amma na ɗauka sabo ne. Filin harbi fili ne fetal, da tudun ƙasa a ƙarshensa, ga allo fari da baƙi a tsakiya. Daga hagu, nesa kaɗan da tudun, akwai wani ɗan ɗakin ajiya da aka shafe da farar ƙasa, wani kurtu yana zaune a inuwarsa yana jiran a gama ya duba allo. Bature ya zo da saje ɗaya. Ya gaida Baba da Hausarsa ta littafi, ya ce bismilla.

Aka shimfiɗa tabarma. Baba ya kwanta rubda ciki a gabana, karo na farko a rayuwata, na kawar da kai don kunya. Na ji ya buɗe bindiga, ya sa harsashi, ya rufe, hannun nan bai yi ko gargada ba. Sa'an nan na waiwayo. Bakin bindiga ya tashi, ya yi ɗan yawo, ya wuce allo, ya ci gaba da tafiya hagu, ya je ya tsaya cak a kan farin ɗakin nan, inda kurtu ke zaune.

"Tsaya! Tsaya, Baba!" Saje ya daka tsawa, ya yi tsalle ya danne bututun ƙasa. Kurtu ya wuntsila bayan ɗaki.

Baba bai motsa ba, kumatunsa yana jingine da ƙota. Can sai na ji an kira wani suna. Wallahi na waiga ina neman mai sunan, don ban san shi da wannan murya ba. Baba ya sake kira, ashe sunana ne. Maƙeri ya tura ni ta baya.

Na je na durƙusa a gefen tabarma, kaina a ƙasa.

"Matso," in ji shi. "Dube ni."

Na ɗaga kai. Ina da shekara talatin da wani abu, ina da mata da 'ya'ya, ranar na fara duban tsakiyar idon mahaifina. Baƙin idon babu shi. Yanar ido ta rufe duka biyun, fari-fari kamar an ɗiga koko a ruwa. Yana kallon wajen kafaɗata, yana tsammanin fuskata ce.

"Ina allon yake?" ya tambaya ƙasa-ƙasa. "Na ga fari, na ɗauka shi ne."

Ban san sa'ad da na tashi na nufi Bature ba. Na haɗa duk Turancin da na tara a ofis na zuba masa, ina roƙo, ina rantsuwa, ina cewa ni zan zama idonsa, ni zan riƙa ajiye bindigar, a bar masa ita ko ba harsashi, a toshe bakin da darma in ana so. Hawaye yana zuba, majina tana zuba, akawun gwamnati guda a gaban kurata. Bature ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce ba zai iya sa hannu ba, ni ma na ga abin da ya kusa faruwa. Amma ya ce a janye kowa daga fili, a bar tsoho ya yi harbi ɗaya.

Na koma na kwanta a ƙasa kusa da Baba, kafaɗata tana taɓa tasa.

"Dama, Baba. Ƙara. Ƙara kaɗan. Ɗaga sama. Tsaya nan."

Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya harba. Ƙura ta tashi a jikin tudu, kamu ɗaya ko biyu daga gefen allo. Hayaƙi ya lulluɓe mu. Da ya washe sai na ga Baba yana lalube a ƙasa gaban tabarma. Ya tsinto gutsuren takarda, ya murza tsakanin yatsu, ya kai hanci ya sansana.

"Ya tuɓe rigarsa daidai," in ji shi. "Tun zubi na biyu na ji ƙararsa ta gyaru. Aikinka ba shi da laifi."

Raina ya ɓaci. Na tuna kasko, da ƙuna, da harshena, da Lahadin da na yi ta tsayuwa a bakin hanya.

"To don me, Baba? Don me ba ka faɗa mini ba?"

"Da wane baki?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tashi zaune, ya buɗe bindiga, kwanso ya faɗo, ya goge ta da hannun farar rigarsa tun daga baki har ƙota. Ya miƙa ta da hannu biyu, ba daidai inda saje yake ba, sai da saje ya matsa ya karɓa. Saje ya ƙame ya sara masa, shi bai gani ba.

A hanyar komawa bai bi bayan maƙeri ba. Ya ɗora hannu a kafaɗata, muka ratsa gari haka, mutane suna kallo. Hannun yana da nauyi da ɗumi, ina jin kaushinsa ta cikin riga. Ina tsoron kada in yi magana ya tuna ya janye. Muna isa ƙofar zaure ya sauke hannunsa, ya lalubi bango ya shiga. Na ji ya ce, "Ki ce wa akawu ya je gida ya huta."

Na tsare Gwaggo a tsakar gida na ce ita ma ta sani ta yi shiru. Ta ce ta fi shekara da sani, tun ranar da ya zuba ruwan alwala a gefen buta. Maƙeri ma ya sani. Ya sa su sun yi alkawari. "Kuma kai kullum kana zuwa," in ji ta, "na ce wata rana za ka ɗaga kai ka gani da kanka, in huta."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yanar ido ana cire ta. A lokacin ma akwai likitocin ido a Kano, mutane suna zuwa da ɗan jagora su dawo da ƙafarsu. Da na sani tun ranar da Bature ya sa rana, da jirgin ƙasa muka hau, ba kasko na ɗora ba, kuma ƙila da ya kwanta a tabarmar nan yana ganin allonsa. Na aika Gwaggo ta roƙe shi mu tafi ko yanzu. Ya ce, "Ki ce masa in buɗe ido in ga me? Ƙusar da nake rataye bindigar?" Na aika liman, na aika maƙeri, ya ƙi. Safiyar Juma'a yakan sa a shimfiɗa masa buzu a zaure, ya zauna hannuwansa a kan gwiwa. Abinci ya koma cokali biyu. Ba a kai ga yankan gero ba muka kai shi makwancinsa, kuma bai sake kiran sunana ba.

Sauran harsasan suna nan a gwangwani, takardarsu ta yi rawaya, babu bindigar da za ta ci su. Ban taɓa yin aikin da ya kai su kyau ba.

Mutane suna cewa ba ni da kunya, wai ina kiran sunan ɗan farina gatsau a gaban jama'a, har da ƙari. Su yi ta faɗa. Yanzu shi ma ya yi furfura, kuma da yake jinin gidan ne, in ya zo gaishe ni ranar Juma'a sai ya durƙusa can nesa ya kafa ido a ƙafafuna. Ba na amsa gaisuwar sai ya matso ya ɗaga kai ya dubi idona.